Kabewa Mai Ƙafa Huɗu

Ya Dilmaya, hasken safiya a kan farin dutse, ruwan farko a gonar shinkafata, uwargidana mai taurin kai irin nawa!

Mai shayin bakin gada ne ke rubuta mini wannan, yana ta dariya. Ƙyale shi, shi ma tasa ta taɓa yaji.

Tun ranar da kika haye rafi zuwa gidan yayanki, gidanmu ya zama murhu ba wuta. Shinkafar da nake dafawa ƙasa ƙuna, sama ɗanya. Kin rantse ba ki dawowa sai na yarda na sare kabewa a bikin bana maimakon bunsuru. Kabewa, Dilmaya! Ni Harka, da zan lissafa miki kakanni bakwai da suka riƙe addar hadayar garin nan, har da launin bunsurun da kowa ya sara! Da wane baki zan gaya musu?

Ke da matan gari kun mai da bikin kakanni bikin ganye. Likita ta ce kitse ke hawar mini da jini. Malamin makaranta ya ce awaki sun cinye itatuwan gangare, shi ya sa ƙasa ke zaftarewa. Duk na ba su amsa. Ke kuma kika ce bunsuru ma ɗa ne a wurin uwarsa, na ɗauki hulata na fice.

Kin tuna shekarar da na fara ganinki gaban ɗakin bauta, da jan fure a gashinki? Na ɗaga adda, kika rufe ido da tafin hannu. Wayyo zuciyata! Tun daga ranar nake bugun ƙirji cewa kwarjinina ne ya sa ki kunya. Sai bana kika gaya mini tausayin bunsurun kike ji. Haka ake yi, ya zumar kogon dutse? A bar mutum ya tsufa da alfaharin da ba nasa ba?

Shi kuwa bunsurun bana ya gaje tabarmarki. Ya cinye hulata, yana zama gabana in ina cin abinci, yana yi mini irin kallonki. Har hira mun fara. Yaya zan sare abokin hira?

To, ki ji, amma kada yayanki ya ji. Na sayi kabewa, na soka mata ƙafafu huɗu na itace yadda ake yi, na gwada a bayan gida. Bunsuru ya fi ta mutunci! Ina kai sara ta goce, ta gangara gona bayan gona har rafi. Kin kuwa san doka: sara ɗaya ne, in ya kuskure shekara ta ɓaci wa gari duka. Dole a riƙe mini. Na roƙi maza, kowa ya tuna yana da aiki. Wannan mai rubutun ma cewa ya yi, "Haba Baba Harka, da idon nan naka? Da yatsuna goma nake so in mutu!"

Ki dawo kafin ranar, ya inuwata. Na yarda da kabewa, na yarda da miyar wake har ƙarshen raina. Duk garin nan babu wanda zai sa hannunsa ƙarƙashin addata sai ke. Ni kuma ba zan taɓa kuskure abin da ke hannunki ba.

Naki har a ɗauki gawata zuwa bakin rafi,
Harka