Ƙafar Jibril ta Yi Sanyi

Litinin, 8 Janairu 2024
Jibril, autana, ya dawo daga gonar tattasai a Chétimari yana jan ƙafa. Ciwon daga ƙugu yake sauka har sha raɓa. Na ce sanyin ruwan kogin Komadugu ne da yawan duƙawa. Na shimfiɗa masa katifa a ɗakina, na hana shi tashi.

Alhamis, 11
Wanzami ya yi masa ƙaho a baya da cinya. Jini baƙi ƙirin. Ubansa ma haka aka yi masa, ya miƙe.

Asabar, 20
Bai miƙe ba. A kwance lafiya lau, daga ya nufi masallaci sai ya tsaya a hanya kamar mai jiran wani. Tsagar ƙahon ma ta ƙi rufewa. Kubra matarsa ta ce asibiti. Ita kullum asibiti. Ina zuba masa man shanu a tuwo, tana kallon hannuna.

Talata, 23
Tattasai na nuna a gona, mai gona yana kwance. Haushi.

Juma'a, 2 Fabrairu
Sun kai ni ƙarshe, mun je. Na yi ta nuna wa likita bayansa, shi kuwa ƙafa ya kama. Ya ce, "Hajiya, taɓa nan." Ta dama da ɗumi. Ta hagu kamar randa. Ni da nake matsa masa ƙafar nan kullum!
Wai jijiyoyin jini ne suka yi tauri suka tsuke, jini ba ya isa ƙafa, har baya ma. Wai yana kama da ciwon jijiyar baya, amma wannan tafiya ke tayar da shi, tsayuwa ta kwantar. Ya tambaya ko yana shan taba. Jibril ya sunkuyar da kai. Shekara nawa ina jin warin a rigarsa.
Na sa Kubra ta maimaita mini sannu sannu na rubuta, hannuna ba ya sauri: babu taba, babu ƙaho, a rage maiƙo, magani kullum. Kuma ya riƙa tafiya, in ta yi zafi ya tsaya, ya ci gaba. In ba haka ba ana iya yanke ƙafar.

Lahadi, 4
Mai ciwo ya yi tafiya? Wane irin magani ne wannan. Na ce ba da ɗana ba. Jibril ya ce, "Ya," haka yake kirana, "kin fi son ki riƙa tura ni a keken guragu?"

Laraba, 14
Bayan la'asar ya fita, na bi shi daga nesa. Gishiri zan sayo. Ya tsaya a gindin dalbejiya, fuska a murtuke, ya juyo yana neman hanyar gida. Sai na ji bakina ya ce, "Wuce. Bakin kogi na ce."
Ya wuce. Gishirin na manta.