Ranar da Zulkifli Ya Jefa

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ya Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake a unguwar Nima, kada ku damu.

Tun da aikin gini ya tsaya nake leƙa gidan caca, teburin da ake jefa 'ya'yan lido. Ba na jefawa. Kuɗina nake zubawa a kan cewa mai jefawar zai faɗi. Jiya Zulkifli, abokin ɗakina, ya jefa da kuɗin babur ɗin da ya sayar. Ya ce, "Maman, yau dai ka bi bayana, ka zuba a kan zan ci." Ban bi ba. Ya faɗi, na ci. Ban ji daɗi ba, ban ji kunya ba.

Da safe ya dafa shayi, ya zuba mini. Na sha.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Maman