Ta Durƙusa Ta Nemi Gafarata Kan Laifin Da Ni Na Yi

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da duk masu karanta wannan fili. Daga Jidda nake rubuto muku, jaridarku kuwa a hannun alhazai nake samunta, wani lokaci an naɗo yaji ko kilishi da ita, in warware in karanta. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙonku kada ku yanke mini hukunci kafin ku kai ƙarshen takardar nan. Zagin da za ku yi mini wallahi na riga ku, da shi nake tashi kullum. Shawara nake nema, don a garin nan babu mahalukin da zan iya buɗe wa cikina.

Ni direba ne. Shekarata goma sha tara a ƙasar nan. Yayata Dije ce ta kawo ni ina saurayi, ita ce uwa ita ce uba tunda iyayenmu suka rasu, ita ta samo mini kafili, wato Balaraben da takardar izinin zamana ke hannunsa, ita kuma ta nemo mini aure. Matata, bari in kira ta Mariya, 'yar Hausawan Bur Sudan ce, mahaifinta malami ne da ake jin maganarsa a can. Muna zaune a unguwar Balad cikin wani tsohon gidan dutse, mu a sama Yaya Dije a ƙasa, da 'ya'yanmu mata uku waɗanda duk a nan aka haife su. Motar wani kamfanin gini na Turawa nake ja, daga bakin teku zuwa ɗakunan ajiyarsu da ke Khumra, can bayan gari inda babu komai sai rairayi da rumfunan kwano.

Bara waccan na fara rama, ga ƙishirwa, ga yawan kama ruwa. Wani likita Bamisire ya auna ni ya ce ciwon sukari ne. Ya ba ni ƙwaya guda kowace safiya, sannan ya jawo takarda ya shiga yanka ni da alƙalami: ba shinkafa, ba tuwo, ba taliya, ba tamis, gurasar nan mai zafi da muke karyawa da ita, ba dabino, shayi ma lami. Na ce, "Likita, to me ya rage mini, iska?" Ya yi dariya ya ce kifi da nama da ƙwai da ganye, in ci in ƙoshi. Mariya ta karɓi takardar nan hannu biyu kamar laya. Baiwar Allah nan ta koyi yi mini miyar kuɓewa da ta lalo mai kauri yadda za a sha ba tuwo, ta gasa kifi, ta yanka kokwamba da tumatir, ta ɗaura mini na rana a kwano in tafi da shi. Ita kanta ta daina cin shinkafa in ina gida. Na ce mata ta ci abinta, ta ce, "Malam, abin da ba ka ci ba ba zai wuce mini a wuya ba." Ku gaya mini, mace nawa ce za ta yi haka?

Amma ni ɗan Adam ne mai gajen haƙuri, zuciya kuma a kusa take. Ran Juma'a in an sauko masallaci a ƙasa wajen Yaya ake haɗuwa, a shimfiɗa leda, a dire faranti guda na shinkafar bukhari, hannu goma a ciki ana hira ana yagar nama, ni kuma ina gefe da ɗan kwanona na ganye kamar wanda aka yi wa horo. Abokai su ce, "A miƙo wa akuya harawarta!" A yi dariya, ni ma in yi, cikina kuwa kamar an hura wuta. Sau nawa na ture kwano a gida na daka wa Mariya tsawa a kan gishiri? Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ina faɗa ba ne don in wanke kaina, ina so dai ku san yadda ƙafata ta fara zamewa.

A Khumra akwai kukun Turawan nan, mutumin kirki a fuska, muna shan inuwa tare da rana in ana sauke kaya. Wata rana ya ga na buɗe kwanona ina tsaki, sai ya ce, "Ka ga maigidanmu? Shi ma ba ya cin burodi, ba ya cin dankali, wai tumbi yake ragewa, amma wannan kullum sai ya sha, don babu sukari a ciki ko ƙwaya ɗaya." Ya nuna mini wata kwalba, ruwa fari tas kamar na famfo. Sadiki suke kiranta, giya ce da Turawa ke dafawa a ɓoye cikin gidajensu. Malam Edita, kada wani ya ce an yaudare ni. Na san haram ce, na san hukuncinta a ƙasar nan, ni ba yaro ba ne. Amma da na ji an ce ga abu ɗaya a duniya da takardar likita ba ta hana ni ba, sai Shaiɗan ya samu ƙofa. Finjali ɗaya na sha, ɗan ƙaramin kofin gahawa. Ashe cikin da babu tuwo babu shinkafa ba ya riƙe ta, kan ka ce kwabo ta hau kaina. Yunwa ta tafi, ɓacin rai ya tafi. Kashegari na koma. Na riƙa jira ta sake ni kafin in tayar da mota, in tauna hel, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, da ƙanumfari don wari, in shiga gida ina fara'a. Mariya har hamdala take yi tana cewa, "Malam, abincin nan ya karɓe ka, ka ga ka daina faɗa." Wata bakwai ina wannan ta'asa, ina alwala da bakin nan, ina sumbatar goshin 'ya'yana da shi.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis na haɗiyi ƙwayata da safe, na ci ƙwai biyu na fita. Kwanon rana da Mariya ta ɗaura mini ko buɗe shi ban yi ba, masu gadi na ba, na sha finjali biyu a kan cikin da babu komai. Wajen la'asar na iso gida, ina hawan matakala sai gumi ya keto mini, idona ya rufe. Farkawa na yi a asibiti da robar ruwa a hannu. Likitan nan Bamisire ya kori kowa waje, ya tura ƙofa, ya sunkuyo ya ce mini da Larabci, "Hel ba ya ɓoye wa likita komai." Ya ce ƙwayar tana sauke sukari, giyar tana hana jiki ya fito da ɗan abin da ya ajiye, ga shi babu hatsi a cikina, da an ƙara rabin sa'a da sai dai a yi mini wanka. Ya ce, "In na rubuta gaskiya, 'yan sanda ne, sai bulala, sai jirgi ya mayar da kai ƙasarku." Na kama hannunsa ina hawaye, ƙato da ni, ina haɗa shi da Allah da Annabi. Can ya ce, "Halas, shi ke nan, saboda 'ya'yanka." Ya fita ya ce wa iyalina abinci ne ya yi mini kaɗan, shi ya sa sukarina ya faɗi. Bawan Allah rufa mini asiri ya yi nufi. Bai san a kan wa maganar za ta sauka ba.

Daga kan gado nake jiyo muryar Yaya Dije ta cika barandar asibitin. "Dama na faɗa! Kin mayar mini da ƙane akuya, yau ganye gobe ganye, namiji mai jan mota cikin ranar nan! So kike ki kashe shi?" Na ji Mariya cikin kuka tana cewa, "Yaya, wallahi takardar likita na bi." Yaya ta ce, "Takarda ce ta aure shi ko ke? Ba ki da ido? Ba ki ga yana ƙarewa ba?" Ta yi mata wankin babban bargo a gaban baƙi da 'yan gari. Kun san abin da na yi? Da suka turo ƙofa sai na rufe ido kamar mai barci. Kalma ɗaya ce tsakanina da ceton matata, na haɗiye ta. Wannan ai ko a cikin matsorata ni ne na baya.

Tun daga ranar Yaya ta ƙwace tukunya. Daga ƙasa ake hawo mini da abinci, ko shayi ba a yarda Mariya ta dafa mini ba. Magana ta zaga Balad, kun san mutanenmu, a bakin famfo a ji, a gidan suna a ƙara gishiri. An je wani biki Mariya ta ɗauki ludayi za ta taya rabo, wata ta karɓe ta ce, "Bari, kada ki auna mana." Ta dawo ta shige ɗaki ta ɓoye mini, a bakin babbar 'yarmu na ji. Yaya kuwa shinkafa take tula mini wai in mayar da jiki, ni kuma ina ci, don in na ƙi za a tambaye ni dalili. Ƙishirwar ta dawo, tafin ƙafata ya fara mutuwa. Mariya tana gani, ta san abin da shinkafar nan ke yi mini, amma ba ta da bakin magana, don ita kanta ta yarda cewa ita ce ta kusa kai ni kabari. Giyar kuwa, kada in yi muku ƙarya, bayan na fito asibiti na koma mata sau ɗaya, na amayar da ita a bayan mota ina kuka. Yau wata huɗu ban taɓa ta ba, kukun ma in na hango shi hanya nake sakewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru makon jiya. Na dawo sallar azahar ina zaune, yara suna makaranta, sai Mariya ta shigo ta durƙusa a gabana, gwiwa biyu a ƙasa. Ta rame, idonta duk ya faɗa. Ta ce, "Malam, wata huɗu ina so in roƙe ka na kasa. Ban yi da nufi ba, Allah shi ne shaidata. Na ɗauka ina kula da kai ne, ashe yunwa nake gana maka kana haƙuri ba ka faɗa. Don Allah ka yafe mini, kada in je gaban Ubangiji da haƙƙinka." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gaskiya ta taso mini har maƙogwaro, na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, "Tashi, na yafe miki." Ni! Ni ne na yafe mata! Ta kama ƙafata tana godiya tana sa mini albarka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, kuma tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba.

Ashe ta riga ta rubuta wa mahaifinta, ta ce ta kasa riƙon miji har ta kusa halaka shi, ba za ta iya zama inda ake nuna ta da baki ba. Amsa ta zo. Tsohon zai shigo jirgin ruwa da alhazan bana, in an sauko daga Arfa ya tafi da 'yarsa. Har da gaisuwa gare ni a ciki, yana cewa, "Ɗana, ka yi haƙuri da abin da ta yi maka, mun ji kunya." Yaya Dije ta ce Allah raka taki gona, ta ma fara yi mini zancen wata matar.

Yanzu gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, Mariya za ta haye teku da tabon da ba nata ba, 'ya'yanta su tashi suna jin ana cewa uwarsu ta so kashe ubansu da yunwa. In na faɗa mata ita kaɗai, na san ta, rufa mini asiri za ta yi ta ci gaba da shan zagi, sai dai wannan karon ta san mijinta na kwance yana ji aka ci mutuncinta. In kuma na tara su na faɗa, maganar da ta shiga kunnen Yaya ba ta kwana, kafili zai ji, hukuma za ta ji, likitan da ya taimake ni ma zai shiga uku. Bulalar ba ta dame ni ba, na cancance ta. Amma in an kore ni wa zai riƙe yara uku? Kuma malami kamar surukina, kuna ganin zai bar 'yarsa a hannun mashayi ko da na tuba? Ko ta ina na juya rasa ta zan yi.

Ta fara haɗa kayanta a akwati kaɗan-kaɗan, ba ta fushi, ba ta gori. Jiya da safe zan fita aiki ta biyo ni bakin matakala, ta yi ƙasa da murya don kada Yaya ta ji, ta ce, "Malam, na san ba ni da bakin faɗa, amma in na tafi don Allah ka rage shinkafar nan, na ga yadda kake taka ƙafarka." Na sauka da sauri don kada ta ga fuskata.

Jama'a, jiragen alhazai sun kusa fara shigowa, da su kuma nake sa ran ganin amsarku. Ku dubi girman Allah, ku dubi matar nan da ba ta ci ba ba ta sha ba, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?