Rabin Allurar Inna

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya aikin layin dogo? Mai duba tikiti ya kawo allurar sugan Inna. Kunya ta hana ni yi masa godiya, ka yi masa.

Kwana huɗu ba wuta, firij ya zama akwati, waya ba caji. Na sa kwalaben a ƙaramar tukunya, na binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan ƙofa, yadda nas ta koya mini. Inna ta ce in tambaye ka, wai da gaske jirgi zai daina zuwa?

Ƙanwarka, Auta

Auta sarkin kunya,

Ina gaishe ku. A takarda bakinki kamar rediyo, a gida sai an ciro miki magana da ƙugiya!

Gaskiya ne. Gadar da jirgi ke bi ta tsage, kullum muna ƙarƙashinta muna gyara. In aka rufe, sai wata biyu, hanyar mota kuwa ruwa ya cinye. Na roƙi asibiti su ba ni allurar wata biyu, suka ce ta wata ɗaya suke bayarwa. Ki ce wa Inna a yi tanadi: kananzir, batir, komai a riƙa lallaɓawa.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Akwai maganar da Inna ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Mako uku ina riƙe da ita.

Tun ranar da na karanta mata wasiƙarka take yin rabin allura, wai tana ajiye saura saboda ranar da jirgi zai tsaya. Na ce, "Inna, kananzir yake nufi." Ta ce, "Ke da ko gaisuwa ba ki iya ba, ke za ki fassara mini ɗana?" Ta yi dariya, ni ma na yi.

Yanzu ruwa take sha kamar ba gobe, ta rame har zanenta sai ta ninka shi biyu. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta. Nas ta zo, na buɗe baki zan faɗa, Inna ta kalle ni, na fasa. Kai take jin maganarka. Don Allah ka rubuto.

Auta

Auta,

Ba gaisuwa yau. Lallai Inna ta koma yin cikakkiyar allura yanzu yanzu! Ki je ki gaya wa nas, in da zunubi ni na ɗauka. Ko a ka ne zan ɗauko mata wata allurar. An rufe gada jiya, zan ba masu kwalekwale wannan takarda.

Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka. Takardarka ta yi kwana tara a hanya. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, an kai ta bayan azahar.

Sai da ta daina gane ni na ruga na gaya wa nas. Ta ce me ya sa ban zo tuntuni ba.

Mata sun cika ɗaki, kowa na cewa na yi ƙoƙari. Kai kaɗai ka sani. In ka zo kar ka lallashe ni, ka yi mini faɗa.

Auta