Mati, Na Faɗa Musu Ba Ciwon Ido Ba Ne

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Mati maɗinki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Haruna, abokin zamanka a rumfar ɗinki ta Kusfa. Zan ba da wannan takarda a buga, ko wani ya karanta ya sa ka a addu'a.

Da farko albishirinka. Jikana Aminu, wanda ka bari yana rarrafe yana warware mana zare, an zaɓe shi cikin waɗanda za su shugabanci ajujuwan yaƙi da jahilci. Suna kwas a wata makaranta wajen Tukur-Tukur, ana koya musu yadda ake tsara aji da kasafta kuɗinsa, tun daga alli da kananzir har alawus ɗin malamai. Ranar da takardarsa ta zo, sau huɗu na karanta ta, har kakarsa ta ce in bar takardar ta huta.

Mai koyar da su, Malam Bulus mutumin Wusasa, ya ce kowa ya zo da wanda ya taɓa zama ɗalibin ajin manya. Aminu ya goyo ni a babur yana cewa, "Tsoho, yau za ka ga boko na asali, ba irin naku na bayan magariba ba." Na ce masa da bokon magaribar na sa hannu aka ɗauke shi firamare.

Mati, abin da na tarar ya girgiza ni. Sun tono tsofaffin rajistoci suna nazarin abin da ke sa mutane su daina zuwa aji. Aka buɗe ta Kusfa. Ga sunanka nan, lamba tara, an rubuta a gabansa: ciwon ido. A ƙasanka mutum biyar, duk ciwon ido. Kai da kake zura zare a allura ana kiran magariba!

Sai aka kira Aminu ya nuna tsarinsa. Ya ce tunda ido ne matsalar Kusfa, zai haɗe aji biyu ya zama ɗaya, kuɗin malami na biyu a sayi manyan fitilu masu famfo. Aka tafa masa. Ya shiga karanto sunayen sababbin ɗalibai. Na ji Alhaji Garba majemi, na ji mijin 'yarsa. Na ji Malam Sani, na ji ɗansa na fari. Duk a tabarma ɗaya, ga haske fes don kowa ya ga kowa.

Ka tuna ranar? Mun yi wata biyu muna zuwa aji, sai ga Sale, mijin 'yarka Ladi, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ka. Malami ya nuna masa gefenka. Aka ce ka tashi ka karanta abin da ke allo. Ka tsaya, ka rasa, Sale ya sunkuyar da kai yana raɗa maka ɗan abin da ya sani. A hanyar gida ka ce mini, "Haruna, gara in mutu ina dangwala yatsa da in yi in-ina a gaban suruki." Ka ce amana ce tsakaninmu. Washegari ni na kai wa malami saƙon ciwon ido. Ban taɓa sanin ya rubuta ba, balle in yi zaton wata rana za a yi kasafi a kan ƙaryata.

Na zauna ina juya abin. In na yi shiru, ajin Kusfa ba zai kai damina ba, kuma jikana ne zai ɗauki laifin. In na yi magana, na tona ka.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malam, lamba taran nan aminina ne, kuma idonsa ya fi na kowa a ɗakin nan." Na faɗa musu duka. Malam Bulus ya cire tabarau ya ce shekarunsa nawa yana koyarwa da wannan rajista, alhali shi kansa mahaifinsa bai taɓa cin abinci a gaban suruki ba. Aminu ya ce, "Tsoho, ka rushe mini aikin kwana shida." Na ce, "Tuzuru, ina ka san suruki?"

Suka goge manyan fitilun daga kasafin. Aji biyu, malami biyu, zaure daban-daban, da 'yan fitilun ƙwai irin namu na dā. Suka kuma ƙara sharaɗi: kafin a rubuta sunaye, a zauna da dattawan unguwa a ji wa ke kunyar wa.

Labari ya riga ni isa gida. Jiya Sale ya zo rumfa, kansa duk furfura. Ya zauna, ya ce, "Baba Haruna, ai na sani tun a ranar." Ya ce mako ɗaya bayan ka bar aji shi ma ya daina zuwa, don ba zai iya zama ya koyi abin da ya hana ka ba. Yana cikin biyar ɗin nan na ƙasanka. Mati, ka bar masa aji, shi kuma ya bar maka, aka rasa wanda ya koya.

Ya sa an rubuta sunansa a sabon ajin dattawa. Ya ce sai da ya duba, ba surukinsa a ciki.

Na ci amanarka a gaban jama'a, aminina, ban kuma da hanyar jin amsarka. Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu a inda ba mai jin kunyar wani.

Naka har kullum,
Haruna maɗinki, Kusfa, birnin Zariya