Na'urar 'Yata Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Malama Najiba, ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, don na riga na ɗaura ɗamara. Ban yi makaranta ba. Maƙwabcina mai kantin magani ne ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ni mai matsar man zaitun ne a nan Sfax, ƙasar Tunisiya. Da raƙuma guda na fara, tana juya dutsen niƙa, sunanta Mabruka. Yau manmu har Italiya yake zuwa. Da kwamfuta ta shigo gidan, 'yata Olfa ta ce a sa kalmar sirri, na ce a sa Mabruka. Kowa na ba shi kalmar: direbobi, mai awo, akawu, har mai kawo mana shayi ya sani. Haka nake riƙe mutane, wanda ya ci gurasata ba na kulle masa ƙofa.

To bara wani ɗan iska daga waje ya shiga da sunan raƙumar, ya aika wa mai sayenmu na Italiya saƙo da sunana, wai a juya kaya zuwa wata tashar. Mutumin ya bugo waya ya tambaya, magana ta mutu. Ko cokalin mai ba mu rasa ba. Amma Olfa ta ɗauki abin kamar an yi gobara. Ta kawo wani tsari da ita da bakinta ta ce sunansa kada a yarda da kowa. Ki ji fa! Yanzu kowa da tasa ƙofar. Duk shiga sai ka sa yatsa, waya ta yi ƙara, ka tabbatar kai ne, ko da kana zaune a tsakiyar ofis. Direba ba ya ganin komai sai hanyar motarsa. Sadok, mai awona, wanda muka yi furfura tare, an rufe masa sunayen masu saye. Tun daga nan ya daina shan shayi da ni.

Ni kuwa abin da ya same ni ya fi. Gishiri da ruwan zaitun sun cinye zanen yatsuna tun tuni. Ranar nan a gaban ma'aikata na danna, na sake dannawa, na'urar ta yi ja, wai ba ta san ni ba. Ni! Ƙanena Mongi yana wurin, ya ce in tofa wa yatsan yawu ko ta tuna da ni. Yanzu a gidan shayi “Baƙo” suke kirana.

Na ce wa Olfa ni ba na buƙatar ƙarfe ya koya mini sanin mutane. Ba a taɓa zuba mini gurɓataccen mai ba, domin duk jarkar da ta shigo gidan nan sai na ɗanɗana da harshena, ko daga gonar Mongi ta fito, ko ya kawo da safe ya sake kawowa da la'asar. Kuma man kowace gona da tankinsa, ba na haɗawa. Wannan shi ne aiki, ba danne-danne ba.

Ranar Juma'a bayan an ci kuskus zan ce a cire abin, a dawo da Mabruka. Olfa ta ce in na yi haka za ta ajiye mini makullai ta koma Tunis, don ba za ta tsare gidan da ba shi da ƙyaure ba. Kuma na san halinta, nawa ta ɗauko. Ita kaɗai gare ni a wannan sana'a. Ki gaya mata ta bi ubanta.

Mai Gidan da Aka Mayar Baƙo, Sfax


Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Bai kamata Olfa ta rufe wa Sadok ƙofa ba tare da an zauna da shi ba, kuma ya kamata ta duba hannunka kafin ta zaɓi yatsa. Na biyun mai sauƙi ne: akwai ɗan makulli da ake sawa a jikin kwamfuta, ka rataya shi tare da na sito. Ka nema, haƙƙinka ne.

Amma ba zan ce ta bi ka ba, domin ta riga ta bi ka. A sake karanta maka wasiƙarka. Kana ɗanɗana man Mongi safe da la'asar. Ɓarawo ka ɗauke shi? A'a, ka san jarka tana iya zuwa da sunan ƙanenka alhali abin da ke ciki ba nasa ba ne. Haka saƙon bara ya je Italiya da sunanka. Kana raba tankuna don kada gurɓataccen mai ya lalata sauran, ita kuma ta raba ƙofofi don in an sace makullin direba kada a kai ga gidan duka. Na'urar ba halin mutum take tuhuma ba, tambaya take yi ko shi ɗin ne. Bara kuwa ba Mabruka ce ta cece ka ba, mutumin da ya tsaya ya tambaya ne.

Ga shawarata. Kafin Juma'a ka ɗauki shayi ka je wurin Sadok da ƙafarka, ka faɗa masa abin da ya faru bara, sannan ku tambayi Olfa abin da aikinsa ke buƙata a buɗe masa. Ranar Asabar ka zama na farko da zai sa makullinsa, ma'aikata suna kallo. In mai gida ya tsaya an tantance shi, babu wanda zai sake jin an raina shi.

Mabruka ta gama aikinta, ka bar ta ta huta. Olfa ce ke juya dutsen yanzu, kada ka kwance ta.

Allah ya sa albarka a kakar bana, ya bar ku tare.

Najiba