Hannun Jari da Tsoron Malam Mukhtari

Landan, 9 ga Nuwamba, 1963

Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen Illela duka. Ni lafiya lau. Sanyi ne dai, amma na samu tsohuwar kwat, tana ƙoƙari.

Ka ce Malam Mukhtari ya ji kuɗin ruwa nake karantawa, ya ce haramun ne, in dawo gida. Ba zan ɓoye ba, yana cikin darasin. Amma hannun jari ne ya riƙe ni. Na ga kamfanin jiragen ruwa da dubban mutane suka haɗa wa jari, har da direbobin bas. Ba su san juna ba, amma riba tare, asara tare, kamar yadda kake yi da Kawu Attahiru in zai tafi fatauci Ƙonni. Waɗanda suka kafa shi sun mutu tuntuni, jiragen na nan suna tafiya. Fataucin Kaka kuwa, ranar rabon gado ya ƙare.

Wannan nake so in kawo gida. A karanta wa Malam wasiƙar nan. In har kun ce a'a, zan taho.

Allah ya ja kwana. A ce wa Inna ina cin abinci.

Ɗanka,
Maccido